Daga Wuri Zuwa Naira: Yadda Za Mu Koya Wa Yara Tarihin Kuɗi

Yawancin yaran da ke tasowa a Abuja ba su taɓa sayen komai da ƙwandala ba. Abin da suka saba gani shi ne uba ya danna waya, ko uwa ta miƙa kati ga mai POS, sai kaya su iso gida. Yaron da ya ɗauka a cikin waya ake samun kuɗi da wuya ya san zufar da aka zubar kafin a same su, balle ya iya tattali idan ya girma. Tarihin kuɗi hanya ce mai sauƙi ta gyara wannan fahimta.

A fara da kalmar kanta. "Kuɗi" jam'in "wuri" ne, wato ƙananan ƙwaryar halittar teku da fatake ke kawowa tun daga tsibiran Maldibs. Lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake bayarwa a kan dalar azurfa ɗaya. A tambayi yaro: awa nawa zai ɗauka yana ƙirga kuɗin jaki?

Daga baya Turawa suka kawo anini, kwabo, taro, sisi, sule da fam. Shi ya sa har gobe ake cewa "ba ni da ko sisi". Naira kuwa ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1973, inda aka canza fam ɗaya a kan naira biyu. A nan kakanni ne malamai: a bar su su faɗa wa jikoki abin da sule ke saya a zamaninsu.

Takardun da ke aljihunmu ma littafi ne. A gaban naira 20 akwai Janar Murtala Muhammed, wanda ya ayyana Abuja a matsayin sabon babban birni a 1976. A bayanta akwai Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane daga Kwali, nan cikin yankin birnin tarayya. Naira 200 na ɗauke da Sardauna Ahmadu Bello, da rubutun ajami da ɗan Islamiyya zai iya gwada karantawa.

Babban Bankin Najeriya yana da gidan tarihin kuɗi a hedikwatarsa da ke Abuja, wanda aka buɗe a 2009, inda aka ajiye wuri da tsofaffin kuɗi. Iyaye na iya neman makarantar 'ya'yansu ta rubuta takardar neman kai ziyara.

A gida kuma, a saya wa yaro asusu, a riƙa aikensa kanti da tsabar kuɗi ya ƙirgo canji da kansa. A shirya wasan kasuwa da wake a madadin wuri, amma a nisanta shi da ƙwandala daga 'yan ƙasa da shekara uku, don kada su haɗiye. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.