Kafin a Rufe Wa Sola Ƙofa, a Leƙa Ɗakin Gwaje-gwaje

A watan Maris na 2025, ministan kimiyya da fasaha na lokacin, Uche Nnaji, ya ce gwamnati na shirin hana shigo da faifan sola daga waje domin a ƙarfafa masu ƙerawa a gida. Da na ji maganar sai na tuna rufin gidajen Unguwar Sarki a Kaduna. Wanda duk ya zaga layukan da ke kewaye da Masallacin Sultan Bello a 'yan shekarun nan ya ga yadda faifan nan masu baƙin gilashi suka hau kwano, daga gidan mai hali har shagon mai cajin waya. Wa zai ƙera musu madadinsu idan an rufe ƙofa? Maganar ba ta riƙe ruwa ba tun daga tushe, domin abin da muke kira ƙira a nan harhaɗawa ce kawai.

Dalilin tururuwar ba ɓoyayye ba ne. An cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, janareta ya zama sai mai ƙarfi. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit. A Oktoban shekarar kuma Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. A daidai wannan lokaci farashin faifai ya faɗi warwas a China. Cibiyar Ember ta ƙiyasta cewa cikin wata goma sha biyu zuwa Yunin 2025 Najeriya ta shigo da faifan da ƙarfinsu ya haura megawat 1,700 daga can, ita ce ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu.

Abin da ke cikin faifan shi ne inda gizo ke saƙa. Zuciyarsa silikon ne, wanda asalinsa dutsen da yashi ke fitowa daga gare shi, kuma muna da shi har ya yi mana yawa. Amma kafin ya iya juya hasken rana zuwa lantarki sai an tace shi har tsabtarsa ta kai aƙalla kashi 99.9999 cikin ɗari, a narkar da shi a wutar da ta haura digiri 1,400, a ja shi sanda, a yanka shi falle-falle siraran da ba su kai kaurin farce ba. Kowane mataki yana shan lantarki mai yawa wanda ba ya ƙiftawa. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a 2022 China ce ke riƙe da sama da kashi 80 cikin ɗari na duk matakan wannan aiki. Masana'antar hukumar gwamnati ta NASENI da ke Karshi kusa da Abuja, da takwarorinta na 'yan kasuwa, ƙwayoyin da aka riga aka gama suke sayowa, su jera, su rufe da gilashi. Aiki ne mai amfani, yana ba matasa abinci. Sai dai mutumin Kaduna ya san ƙarshen irin wannan labari. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri, har yau ba mu ƙera injinta ba.

A ganina babban musabbabin shi ne mun yi watsi da ilmin sanin kayan da ake gina na'ura da su, wato binciken da ke gano me ya sa wannan ƙarfe ke jure zafi wancan ya gaza, me za a gauraya da me batir ya daɗe. Ba wai ba mu da wuraren ba. Tafiyar awa ɗaya daga Unguwar Sarki akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a Zariya, mai ƙaramar tukunyar nukiliya tun 2004 wadda ke iya tantance sinadaran da ke cikin dutse. Akwai NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai, a Basawa. Akwai cibiyar makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Injiniyoyin Zariya sun daɗe suna sarrafa farar ƙasar Ƙanƙara zuwa ziyolait, sinadarin da matatun mai ke saye da dala, wanda kuma ake tace gurɓataccen ruwa da shi. Ina aikin ya ƙare? Galibi a kan kanta, cikin kundin digiri. Abin da ƙasar ke kashewa kan bincike bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na arzikinta ba, alhali Tarayyar Afirka kashi ɗaya ta nema, China kuwa ta wuce biyu da rabi. Jami'ar da ke kuka da takardar kuɗin wuta ba za ta bar tanderun gwaji a kunne kwana uku ba.

Sakamakon yana kan rufinmu da bayan ɗakinmu. Ƙarfin da aka rubuta a jikin faifai an auna shi ne a zafin digiri 25. A bazarar Kaduna faifan kan yi zafi ya wuce 60, kuma kowane digiri yana zaftare kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. Hunturu ya zo da ƙura ya ƙara nasa. Mai saye a kasuwa ba shi da inda zai kai a gwada masa, sai rantsuwar mai shago. Batir ya fi muni. Na dalma, wanda talaka ke iya saye, zafi ke cinye shi cikin shekara biyu ko uku, daga nan ya faɗa hannun 'yan gwangwan, a fasa da guduma, ruwan ya malale a kwata. Mu da muka ga gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 bai kamata a yi mana bayanin wannan sau biyu ba.

Ga kuma litiyam, abin takaici na biyu. Ana haƙo shi a Kaduna da Nasarawa da Kwara. An buɗe masana'antar Avatar a Nasarawa a Mayun 2024, gwamnatin Kaduna ma ta haɗa hannu da kamfanin Ming Xin a Kangimi. Amma niƙa dutse da wanke shi daban, tace shi zuwa gishirin litiyam mai tsabtar kashi 99.5 da batir ke buƙata daban. Ribar tana a mataki na biyun, shi kuwa galibi a China ake yinsa. Dutsenmu ne ke fita a buhu ya dawo mana a kwali.

Masu goyon bayan hanin suna da abin faɗa, ban musa ba. Babu mai zuba jari a masana'anta idan kayan waje sun fi nasa araha, kuma Indiya ta kare nata da haraji. To amma Indiya tana da wuta da masana da kuɗin tallafi. Mu an sha hana shigo da atamfa, ta ci gaba da kwararowa ta Maraɗi da Jibiya, masaƙun Kakuri suka rufe duk da haka. Hana faifai yau ƙara wa mai ɗinki da mai sayar da ƙanƙara tsada ne kawai.

Gasa da China a silikon ba tamu ba ce yanzu. Abin da ke kusa da hannu shi ne wurin gwaji a Kaduna ko Zariya da zai auna duk faifai da batir da zafinmu da ƙurarmu kafin a sayar, da tsarin karɓar mataccen batir daga hannun jama'a, da sharaɗi a kan duk mai haƙar litiyam cewa ya ɗauki nauyin ɗakin gwaji a jami'ar da ke kusa. Sabbin kayan ƙera faifai da duniya ke rububi a kai, irin su ferobskait da ingancinsa ya tashi daga ƙasa da kashi 4 a 2009 zuwa sama da 25, babbar matsalarsu ita ce zafi da laima suna lalata su, mu kuwa muna da duka biyun kyauta don gwaji. 'Yan majalisarmu na Kaduna, idan kasafin kuɗi ya zo gabanku, ku duba nawa aka ware wa Basawa da Samaru.