Daga Bariki Zuwa Ofishin Kula da Ma'aikata

A ƙa'idar aikin gwamnati a Nijeriya, ma'aikaci yakan yi ritaya ne idan ya cika shekara 35 yana aiki ko ya kai shekara 60 da haihuwa, amma soja ba kasafai yake kai wa sittin cikin kaki ba, domin kurtun da ya shiga makarantar horar da sojoji ta Zariya yana ɗan shekara 18 zuwa 22 zai cika wa'adinsa da sauran ƙarfinsa, hafsoshi kuwa kowane muƙami yana da iyakar shekarun da ake barin mutum a kansa, wanda bai samu ƙarin girma ba sai a sallame shi. Saboda haka da yawansu suna tuɓe ɗamara ne a lokacin da 'ya'ya suke jami'a kuma fansho ba ya isa, abin da aka saba miƙa musu kuwa shi ne aikin gadi ko shugabancin masu gadi, kamar dai bindiga ce kaɗai abin da suka sani.

Wannan ɗauka ta rage musu daraja, domin yawancin kwanakin soja a kan sha'anin mutane suke ƙarewa. Abin da ake kira kula da ma'aikata a kamfani shi ne ɗaukar aiki, da horarwa, da tsara albashi da hutu, da auna ƙwazo, da ladabtarwa, da sallama, kuma babu ɗaya daga ciki da ba a yi a bataliya. Hafsan da ke riƙe da ofishin mulki shi ke ajiye bayanan kowane soja, ya bi takardun ƙarin girma da canjin wurin aiki, samanja kuwa shi ya san wanda bashi ya yi wa katutu da wanda gidansa ba zaman lafiya, kuma idan soja ya rasu a bakin daga, su ne ke zuwa gaban iyalinsa da labarin, sa'an nan su bi musu haƙƙoƙinsu.

Hasali ma, sana'ar kanta ta ari abubuwa da dama daga aikin soja. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya rundunar Amurka ta yi wa sojoji fiye da miliyan ɗaya da rabi jarrabawar auna basira domin ta san inda za ta ajiye kowa, bayan yaƙin kuma kamfanoni suka ɗauki dabarar. A 1942 rundunar Birtaniya ta kafa kwamitocin zaɓen hafsoshi waɗanda suke tara masu nema na 'yan kwanaki, su ba su aikin haɗin gwiwa, su zuba ido su ga wanda zai ja ragama, kuma irin wannan tantancewa ce manyan kamfanoni suke yi wa masu neman muƙamin manaja har yau.

Inda gizo ke saƙar shi ne tushen iko. A bariki biyayya tana fitowa ne daga doka da muƙami: Dokar Rundunonin Soja ta bai wa kwamanda ikon ya saurari ƙaramin laifi ya yanke hukunci nan take, babban laifi kuma a kai shi kotun soja, wanda ya tattara kayansa ya tafi don ransa ya ɓaci ya aikata laifin gudu daga aiki, kuma doka ta hana sojoji kafa ƙungiyar ƙwadago, balle yajin aiki. Dokar Ƙwadago ma ta fito fili ta ce ba ta shafi sojan da ke bakin aiki ba. Ke nan mutumin da ya yi shekara talatin yana shugabantar ɗaruruwan mutane bai taɓa yin haka a ƙarƙashin dokar da za ta zama abin aikinsa na yau da kullum ba. A kamfani alaƙar ta yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu da kowannensu ke da damar janyewa. Dole a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, kuma kafin a raba gari akwai wa'adin sanarwa: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta samu cikakken iko a kan rigingimun aiki, ta kuma sha yanke hukuncin cewa korar ma'aikaci ba tare da dalili ba rashin adalci ne. Tsohon hafsan da ya kori direba a tsaye saboda ya mayar masa da magana, ba takardar tuhuma, ba jin ta bakinsa, yana iya jawo wa kamfani biyan diyya mai yawa.

Lissafin kuɗi ma baƙo ne gare shi. An cire sojoji daga tsarin fansho na karo-karo a 2011, hukumarsu ta daban ce ke biyansu, alhali a sabon ofishinsa shi zai tabbatar an cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, kamfani ya ƙara aƙalla kashi 10, an zuba a asusun fansho a kan lokaci, kamar yadda dokar 2014 ta tanada.

Duk wannan ana koyonsa. Wata cibiyar sojoji da ke Oshodi a Legas tana horar da waɗanda ke gab da ritaya, sai dai ta fi ƙarfi a sana'o'in hannu da noma da ƙananan kasuwanci, don haka mai son wannan fanni ya fi dacewa ya nufi cibiyar ƙwararrun jami'an kula da ma'aikata, wato CIPM, wadda aka kafa a 1968, dokar 1992 kuma ta ba ta ikon tsara sana'ar da yi wa masu yin ta rajista, kuma gara ya fara jarrabawarta tun yana cikin kaki. Haka nan sai ya sake rubuta tarihin aikinsa da harshen da farar hula ke ganewa, domin mai ɗaukar aiki bai san nauyin kwamandan kamfanin sojoji ba sai an ce masa mutum ne da ya kula da horo da walwala da ladabtarwar mutum sama da ɗari.

Abin da jarrabawa ba ta koyarwa shi ne zama ba tare da tauraro a kafaɗa ba. Manjo mai ritaya yana iya samun kansa a ƙarƙashin mace sa'ar 'yarsa, wadda ta fi shi sanin dokar aiki da manhajar biyan albashi, ma'aikata su kira shi da sunansa, wakilin ƙungiya ya ce masa a'a a gaban jama'a kuma doka ta tsaya masa. Shi ya sa waɗanda suka fi samun sauƙin sauyin sukan fara ne a masana'antu masu aikin karɓa-karɓa, da kamfanonin sufuri da gine-gine, da ƙungiyoyin agaji irin na Maiduguri, wuraren da ake da mutane masu yawa, da haɗari na gaske, da buƙatar wanda zai iya tashi ƙarfe biyun dare idan motar ma'aikata ta yi hatsari a hanya.