Halin Ma'aikatan Otal a Nguru da Gashuwa: Jinsi Ne ko Aiki?

Tun da layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930, garin bai rabu da baƙi ba. A da, fataken shanu da ƙaro gidan fatoma suke sauka, ya ba su ɗaki, ya ajiye musu kuɗi, ya haɗa su da masu saye. Yau otal-otal sun karɓi wani ɓangare na wannan hidima, musamman a Gashuwa, inda Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 ta ƙara yawan masu neman makwanci.

A irin waɗannan masaukai al'ada ce ke raba aiki. Gadi, kula da janareta da kwanan aiki na maza ne. Mata sun fi yawa a kicin, don iyaye da dama na ɗari-ɗari da 'yarsu ta yi aikin otal. Daga nan mutane ke yanke hukunci: wai mace ta fi haƙuri, namiji ya fi tsare gida.

Masana halayyar ɗan Adam sun auna zancen. A 2001, Costa, Terracciano da McCrae sun duba al'ummomi 26, suka ga mata sun ɗan fi sauƙin kai da saurin damuwa, maza kuwa sun fi nuna isa. Sai dai tazarar ba ta kai bambancin da ke tsakanin namiji da ɗan'uwansa namiji ba, kuma ta fi ƙanƙanta a Afirka da Asiya. Tun a 1991 Barrick da Mount suka nuna cewa riƙon aiki da tsantseni ne ke fito da ma'aikaci nagari a kusan kowace sana'a.

Kujerar aiki ma tana koya wa mai ita hali. Cikin zafin Afrilu wuta ta ɗauke, baƙo ya fito yana zufa yana faɗa, mai karɓar baƙi ya haɗiye fushinsa: "Yi haƙuri Alhaji, yanzu za a tayar da inji." Arlie Hochschild ta bayyana a 1983 cewa wannan danne rai aiki ne mai gajiyarwa, bayan ta nazarci ma'aikatan jirgin sama. Mai gyaran ɗaki kuwa ba surutu ake nema wajensa ba. Shi ne ke tsintar damin kuɗi ƙarƙashin matashi ya kai ofis.

Idan bikin kamun kifi na Bade ya zo a Gogaram, ɗakuna suka cika, rabon aikin kan rushe: maigadi ya ɗauki jaka, mai girki ta karɓi kuɗin baƙo ta rubuta rasit.