Kaza ta kasa ɗaga wuya: ba kullum annoba ba ce

A lungunan cikin birnin Kano, daga Yakasai zuwa Jakara, kaji sakaku ne. Suna yini suna tono a bakin kwata, juji da kududdufan da aka haƙa tun zamanin ginin ƙasa. Da zafi ya tsananta, ko ruwan damina ya kwanta, sai a wayi gari kaza ta kwanta, ƙafafu sun mutu, fukafukai sun saki, wuya ya langaɓe a ƙasa, ido a lumshe. Gashinta ma da an taɓa sai ya tuge.

Nan take a ce cutar Newcastle ce, a ruga neman kafso. Sau da yawa kuwa guba ce, wadda likitoci ke kiran ciwonta botulism. Ƙwayar Clostridium botulinum ke samar da ita a cikin mushe, ruɓaɓɓen abinci da laka mai wari. Tsutsotsin da ke cin mushen ɓera ko na kaza suna tara gubar ba ta yi musu komai, kaza kuwa ta tsince su da marmari. Kaɗan sun isa su shanye mata jiki.

Newcastle takan zo da tari, koren zawo da murɗewar wuya, tana kuma yaɗuwa tsakanin kaji. Gubar kuwa ba ta yaɗuwa haka, kuma kafso ba ya karya guba.

A killace kajin, a ba mai ciwon ruwa mai tsabta a inuwa, a nemi likitan dabbobi. Mushe kuwa a binne shi da zurfi ko a ƙone, kada a wurga shi kwata.