Karan Arjun: Shin wanda ya mutu yana dawowa duniya?

Duk wanda ya kalli Karan Arjun ba zai manta da Raakhee ba, matar nan da aka kashe wa 'ya'ya biyu amma ta kafe cewa lallai za su dawo. Aka ɗauke ta mahaukaciya. Kwatsam, bayan shekaru, sai ga Salman Khan da Shahrukh Khan, an sake haifo su a gidaje daban-daban, sun dawo ɗaukar fansa a kan Amrish Puri.

Mai karatu, wannan fim na Rakesh Roshan da ya fito a 1995 ba shi ne farau ba. Akwai Madhumati (1958) na Dilip Kumar, da Karz (1980) na Rishi Kapoor, ga kuma Om Shanti Om (2007). To, me ya sa Indiyawa ba sa gajiya da wannan labari?

Amsar ita ce, abin addini ne a wurinsu. Mabiya Hindu sun yi imani cewa rai ba ya mutuwa, jiki kawai yake sauyawa. Aikin mutum, wato karma, shi ke yanke masa inda zai faɗa a haihuwa ta gaba, ko gidan daula, ko gidan talauci, ko ma jikin dabba. Babban burinsu shi ne moksha, kuɓuta daga wannan kai-komo. Mabiya Buddha ma sun yarda da sake haihuwa, sai dai su ba su yarda akwai wani rai dawwamamme da ke ƙaura ba.

Musulunci kuwa ya kore wannan aƙida, wadda malamai ke kira tanasuhi. Wanda ya rasu yana barzahu har ranar tashin ƙiyama, kuma Suratul Mu'minun ta nuna mai roƙon a mayar da shi duniya ba ya samu. Manyan ɗarikun Kirista ma haka suka tafi: mutuwa sau ɗaya, sai hisabi.

Kada mu yi wa Indiyawa dariya, don mu ma muna da namu. Yarbawa na da abiku, Ibo na da ogbanje, mu kuma ga ɗan wabi, wanda wasu tsofaffi ke cewa shi ɗin ne dai yake tafiya yana dawowa, har a laƙaba masa suna Ajuji.

Saboda haka, 'yan fim masu wankiya, a yi hattara. In za a wanko labari, a duba me ke ƙunshe cikinsa tukuna. Kallo daban, imani daban.