Araha A Ƙetare Ba Ta Isar 'Yan Fanshon Birtaniya

Tsadar haya da makamashi tana sa 'yan fanshon Birtaniya ƙaura zuwa ƙasashen da rayuwa ta fi sauƙi, sai dai lissafin bai tsaya ga farashin kasuwa ba.

A watan Afrilun 2025 cikakken fanshon gwamnati ya kai fam 230.25 a mako. Mazauna Sifen, Fotugal da Amurka suna samun ƙari duk shekara. Wanda kuwa ya koma Ostireliya, Kanada ko Nijeriya, fanshonsa ba ya ƙaruwa muddin yana can, alhali hauhawar farashi tana zaftare darajarsa.

Ita ma Sifen tana da nata sharaɗin. Bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, mai neman izinin zama a 2025 sai ya nuna yana da kimanin yuro 2,400 na kowane wata, wato ninki biyu na fanshon.