Kumatun Yaro da Harajin Naira Goma

Tun da Gwamnatin Tarayya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemon kwalba, cikin Dokar Kuɗi ta 2021 wadda ta fara aiki a 2022, muhawara ba ta lafa ba, kuma duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin za a ƙara shi, sai teburan masu shayi na Dutse Uku da Nasarawa Gwom a Jos su ɗauki zancen. Hujjar da ta fi yawo ita ce, ƙasar da 'ya'yanta ke fama da tamowa ba ta da hurumin damuwa da ƙiba, wai wannan ciwon 'ya'yan Turawa ne. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaranmu 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, alhali masu nauyin da ya wuce ƙima kashi 2 ne kacal. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙididdige cewa tsakanin 1990 da 2022, yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 masu nauyin da ya zarce haddi sun tashi daga kashi 8 zuwa kashi 20 a faɗin duniya, kuma biranen Afirka ba su tsira ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke auna lafiyar yaro da kumatunsa. A wurin suna ko biki za ka ga gwaggo ta ja kumatun yaro ɓulɓul tana cewa, "Tubarkalla, wannan ya samu uwa," sa'an nan ta juya ga matar ɗan'uwanta mai ɗa siriri, wanda tun safe yake tsalle a tsakar gida lafiya lau, ta ce, "Ke kuwa ba kya ba shi abinci ne?" Wannan gori shi ke kai uwa kemis neman maganin buɗe ciki, wata ma har ta kai ga ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa akwai dexamethasone a cikinsu, maganin da likita ke bayarwa da awo saboda asma da kumburi. In aka daɗe ana ɗirka wa yaro shi, fuska za ta yi zagaye, a yi ta sambarka, alhali ruwa da kitse ne suka taru, garkuwar jiki ta raunana, sukarin jini ya hau, tsawo kuma ya tsaya.

In ka yi magana sai a ce maka, "Bar shi, in ya girma zai zube." A nan ne ilimi ya saɓa wa zato. Masana a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin sun bayyana a 2008 cewa adadin ƙwayoyin da ke ajiye kitse a jikin mutum yana ƙaruwa ne a ƙuruciya da lokacin balaga, daga nan sai ya tsaya kusan yadda yake har tsufa. Misalinsa kamar magidancin da ya gina rumbuna ashirin tun yana saurayi, maƙwabcinsa kuwa ya gina biyar; in shekara ta yi wuya mai ashirin yana iya kwashe hatsin, amma rumbunan suna nan tsaye da bakinsu a buɗe, kuma da zarar kaka ta yi kyau za su cika kafin na maƙwabcin. Shi ya sa babba mai ƙibar ƙuruciya yake ramewa da wahala, ya koma da sauƙi, ciwon sukari da hawan jini kuma su riske shi da wuri.

Bugu da ƙari, ƙiba da yunwa suna iya zama a jiki guda. Yaron da ya karya da shayi mai cokali huɗu na sukari da burodi, aka cusa masa biskit da lemon kwali a jakar makaranta, ya dawo ya tarar da taliyar leda, cikinsa ya cika, jikinsa ya yi nauyi, amma in an auna jininsa ba mamaki a tarar bai kai ba. Robar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukari kimanin giram 50, wato wajen cokalin shayi 12, alhali Hukumar Lafiya ta fi son ko baligi kada ya wuce kimanin cokali 6 a yini. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan israfi, sai dai mun ɗauka wa'azin na masu walima ne, bai shafi abin da muke miƙa wa yaro don ya daina kuka ba.

Abin takaici, a Jos ake wannan, garin da manyan motoci ke tashi daga kasuwar Farin Gada maƙare da kabeji da karas da tumatir zuwa kudu, garin acca da gwate, inda dankalin Bokkos ba ya isa bakin yaro sai ya yi wanka a mai. Yaran da a dā suke hawan duwatsun unguwa har magariba, yau keke ke kai su boko, su dawo su wuce islamiyya, da dare waya ta karɓe su. Ba na ganin laifin iyaye duka, domin rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun koya wa mutanen wannan yanki tsare 'ya'yansu a gida, filayen da suka rage kuwa gini ya cinye yawancinsu, su kuwa hukumomin tsara gari kamar ba su san yaro yana bukatar awa guda ta guje-guje kowace rana ba.

Shi kuwa harajin, naira 5 ce a kan robar rabin lita da kuɗinta ya kai ɗaruruwa, don haka ba wanda ya fasa saye saboda ita, kuma da an keɓe kuɗin domin filayen wasa da ruwan sha a makarantun firamare, da gardamar masu shayi ta ragu. Kafin hukuma ta farga, abin da ke hannun gida shi ne nono zalla wata 6, ruwa a madadin lemo, a ba yaro lemon zaƙi ya ɓare da kansa maimakon na kwali, kuma a riƙa zuwa awo da katin asibiti, inda ake gwada nauyi da tsawo tare. In ma'aikaciyar lafiya ta ce nauyin ya wuce, kada a hora yaron da yunwa ko a ware masa kwano dabam yana kallon 'yan'uwansa. Tukunyar gidan ake gyarawa gaba ɗaya, a riƙe nauyinsa inda yake har tsawonsa ya cim masa.